TARIHIN MARIGAYI MUHAMMAD RAFI, MAWAƘIN FINAFINAN INDIYA

Duk wanda ya taɓa shiga gidan silima a Kano, ko Kaduna, ko Jos, ko Sakkwato tsakanin 1960 da 1980 ya kalli fim ɗin Indiya, da wuya ya fito bai ji muryar Muhammad Rafi ba. Amma kaɗan ne daga cikin 'yan kallo suka san sunansa, balle kamanninsa. Abin da suke gani a majigi shi ne Dilip Kumar, ko Shammi Kapoor, ko Dharmendra wanda samarin Kano suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, yana motsa baki yana rausaya, sai su ɗauka shi ne mai waƙar. Alhali kuwa mai waƙar wani mutum ne daban, mai kunya, mara yawan magana, wanda ya shekara 36 yana shiga ɗakunan ɗaukar murya na birnin Bombai, watau Mumbai ta yanzu, yana ara wa waɗansu muryarsa.

ƘURUCIYARSA

An haifi Muhammad Rafi ran 24 ga watan Disamba 1924 a ƙauyen Kotla Sultan Singh, kusa da birnin Amritsar cikin lardin Fanjab, zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya. Sunan mahaifinsa Haji Ali Muhammad, kuma gidansu ba gidan mawaƙa ba ne. Masu ba da tarihinsa sun ce abin da ya fara jan hankalinsa ga waƙa shi ne wani fakiri mai yawon bara yana waƙe, wanda yaron ya riƙa bi yana kwaikwayon muryarsa.

Daga baya iyalin suka koma birnin Lahor, inda suke da shagon aski kusa da Ƙofar Bhati. A nan ne wani abokin yayansa mai suna Abdul Hamid ya lura da baiwar da Allah ya yi wa yaron, ya tsaya masa har aka bar shi ya nemi ilmin waƙa. Ya yi karatu wajen Ustaz Abdul Wahid Khan, da Pandit Jiwan Lal Mattoo, da Firoz Nizami, waɗanda suka koya masa kare-karen waƙar gargajiya ta Indiya da ake kira raga. Wannan karatu shi ne jarin da ya riƙe shi har ƙarshen ransa.

Gidan rediyon Indiya reshen Lahor ya fara gayyatarsa yana waƙa, sa'an nan wani mai tsara kiɗa, Shyam Sunder, ya ba shi waƙa tare da Zeenat Begum a wani fim na harshen Fanjabi mai suna Gul Baloch, wanda ya fito cikin 1944. A wannan shekara ce shi da Abdul Hamid suka tafi Bombai, suka kama hayar wani ɗan ƙaramin ɗaki a unguwar Bhendi Bazar.

SANA'AR BAYAN FAGE

Ba za a fahimci rayuwar Rafi ba sai an san yadda sana'ar take lokacin da ya shigo ta. Fim mai magana na farko a Indiya, Alam Ara, ya fito cikin 1931 da waƙoƙi bakwai, kuma a lokacin tilas ɗan wasa ya rera waƙarsa da bakinsa gaban na'urar ɗaukar hoto. Cikin 1935, a fim ɗin Dhoop Chhaon da aka yi a Kalkata, aka fara ɗaukar waƙa tukuna, daga baya ɗan wasa ya bi ta da motsin baki. Da wannan dabara ta kafu sai aiki ya rabu biyu: masu kyawun fuska su tsaya gaban jama'a, masu zaƙin murya su koma bayan fage.

Da fari ba a ɗauki mawaƙin bayan fage a bakin komai ba. Sau da yawa ko sunansa ba a bugawa a kan faifan garmaho, sai a sa sunan da ɗan wasa ya fito da shi a cikin labarin. Misali, faifan shahararriyar waƙar fim ɗin Mahal na 1949 ya fito da sunan Kamini, tauraruwar labarin, maimakon sunan Lata Mangeshkar wadda ta rera ta.

Rafi ya fara daga ƙasa. Naushad, babban mai tsara kiɗa na zamanin, ya sa shi cikin 'yan amshi a fim ɗin Pehle Aap na 1944. Cikin 1946 ya sami 'yan layuka a bayan K. L. Saigal, sarkin mawaƙan lokacin, a fim ɗin Shahjehan. Sunansa ya fara fita sosai cikin 1947, da ya yi waƙa tare da Noor Jehan a fim ɗin Jugnu. A shekarar ce aka raba ƙasar gida biyu, Lahor ta faɗa cikin Pakistan, Noor Jehan da Musulmi da yawa na sana'ar suka ƙaura can. Rafi ya zaɓi zama a Bombai. Da aka kashe Mahatma Gandhi cikin watan Janairu 1948, shi ya rera doguwar waƙar tarihinsa, har Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya ba shi lambar azurfa.

SHEKARUN ƊAUKAKA

Fim ɗin da ya tabbatar da shi a sahun gaba shi ne Baiju Bawra na 1952, labarin wani mawaƙi na zamanin Sarki Akbar, wanda Naushad ya gina kiɗansa kacokan a kan raga. Har yanzu mutanen Indiya suna ambaton wata waƙar bauta ta addinin Hindu da ke cikinsa, domin Shakeel Badayuni ya rubuta ta, Naushad ya tsara kiɗanta, Rafi ya rera ta, dukkansu uku Musulmi, shekara biyar kacal bayan zubar da jinin da ya biyo bayan raba ƙasa.

Abin da ya bambanta shi da sauran mawaƙa shi ne yakan sake muryarsa ta dace da wanda zai hau waƙar. A fim ɗin Pyaasa na 1957 ya yi wa Guru Dutt waƙar marubucin da duniya ta juya wa baya, kuma a cikin fim ɗin dai ya yi wa ɗan barkwanci Johnny Walker waƙar mai tausar kai da mai a bakin titi, mai sauraro bai ce mutum ɗaya ne ba. A Junglee na 1961 ya bi Shammi Kapoor da tsalle-tsallensa, a Guide na 1965 ya koma mai sanyin murya domin Dev Anand. Har Kishore Kumar, wanda shi ma mawaƙi ne, ya taɓa hawa muryar Rafi a finafinan da ya fito ɗan wasa.

Ya ci lambar Filmfare sau shida, ta farko saboda fim ɗin Chaudhvin Ka Chand na 1960, kuma cikin 1967 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri.

FAIFAI DA REDIYO

Silima ba ita kaɗai ta yaɗa waƙoƙinsa ba. Kusan duk waƙoƙin finafinai na wancan zamani kamfanin garmaho mai tambarin HMV, wanda ke da hoton kare yana sauraron garmaho, shi ke buga su a masana'antarsa ta Dum Dum kusa da Kalkata. Faifan yana juyi 78 a minti ɗaya, kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, kuma in ya faɗi ƙasa ya fashe. Saboda haka a shekarun farko akan sake rera waƙa musamman domin faifai, ko a datse wani baiti. Shi ya sa masu tara faifai suke bambanta waƙa yadda take a fim da yadda take a faifai, kuma akwai tsofaffin finafinai da suka salwanta ƙurmus, waƙoƙinsu kaɗai suka saura a hannun irin waɗannan mutane.

Cikin 1952 ministan watsa labarai na Indiya, B. V. Keskar, ya taƙaita sa waƙoƙin fim a rediyon gwamnati, yana ganin suna ɓata tarbiyya da kiɗan gargajiya. Jama'a sai suka karkata akalar rediyonsu zuwa gidan rediyon Silon, watau Sri Lanka ta yanzu, inda Ameen Sayani ke gabatar da shirin Binaca Geetmala kowane mako. Da gwamnati ta ga masu sauraro sun gudu, sai ta buɗe tashar Vividh Bharati cikin 1957 ta mayar da waƙoƙin.

SAƁANINSA DA LATA

A farkon shekarun 1960 Lata Mangeshkar ta tayar da maganar da ta raba kan mawaƙa. Ita tana ganin tun da ana ci gaba da sayar da faifai shekara da shekaru, ya kamata mawaƙi ya riƙa samun kaso daga cinikin. Rafi ya ƙi goyon bayanta. A ganinsa, da zarar an biya mawaƙi ladan da aka yi jinga da shi, hakkinsa ya ƙare, domin mai shirya fim shi ya zuba dukiyarsa, in fim ya faɗi ba a cewa mawaƙi ya mayar da kuɗi, saboda haka in ya ci riba shi ya kamata ya more ta.

Maganar ta yi tsami har suka shekara kamar huɗu ba su yi waƙa tare ba. A tsakanin nan Suman Kalyanpur ta sami waƙoƙi da yawa tare da shi, kafin a sulhunta su wajen 1967. Halin wadatar zuci ne ya sa Rafi ya tsaya inda ya tsaya, domin an san shi da karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga ƙananan masu shirya fim. Amma doka daga baya ta bi ra'ayin Lata: cikin 2012 majalisar dokokin Indiya ta gyara dokar hakkin mallaka, ta ba mawaƙa damar samun kaso daga amfanin da ake yi da muryarsu.

Cikin 1969 fim ɗin Aradhana ya ɗaukaka Rajesh Khanna, tare da shi kuma muryar Kishore Kumar, kasuwar Rafi ta ja baya na waɗansu shekaru. Ya farfaɗo cikin 1977 da fim ɗin Hum Kisise Kum Naheen, wanda ya kawo masa lambar Filmfare ta shida da kuma lambar gwamnatin tarayya ta mawaƙin shekara.

WAƘOƘI NAWA YA YI?

Wurin da Rafi ya tsaya kai da fata don neman hakkinsa shi ne kan lissafi. Cikin 1974 littafin Guinness na abubuwan bajinta ya ce Lata ta fi kowa yawan waƙoƙi a duniya, da 25,000. Rafi ya rubuta musu takardar ƙin yarda, daga baya littafin ya ambaci iƙirarinsa na 28,000. In da haka ne, to ya zama ya rera fiye da waƙa biyu kullum, ba hutu ba ciwo, har shekara 36.

Masu tara faifai ne suka warware gardamar. Har Mandir Singh, wanda aka fi sani da Hamraaz, mutumin birnin Kanpur, ya shafe shekaru tare da taimakon masu sha'awa irinsa yana bin finafinan harshen Hindi tun daga 1931, fim bayan fim, yana rubuta kowace waƙa da mawaƙinta da marubucinta da mai kiɗanta da lambar faifanta, a jerin littattafan Hindi Film Geet Kosh. Irin wannan ƙididdiga ta nuna waƙoƙin Rafi suna wajen 5,000, watau kusan uku kowane mako tsawon rayuwar aikinsa. Cikin 1991 Guinness ya cire lissafin nasu duka biyu.

SAWUNSA A ƘASAR HAUSA

'Yan kasuwa Kwarori ne suka fara shigo da finafinan Indiya gidajen silima na Arewa a shekarun 1950, kuma irin su Mother India na 1957, wanda Rafi ya yi waƙa a ciki, sun daɗe ana maimaita su. Da kaset ya wadata sai waƙoƙin suka shiga shaguna da motocin haya da gidajen aure. Mutanen da ba su jin harshen Hindi suka haddace karin, 'yan bandiri a Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya. Da finafinan Hausa suka kafu daga 1990, tsarin nan na mawaƙi a bayan fage da ɗan wasa mai motsa baki shi suka ɗauka, tare da tsohuwar tambayar da ta raba Rafi da Lata, watau mene ne rabon mai murya bayan an biya shi ladan ranar.

RASUWARSA

Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da riƙon addini. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya zuwa shagulgulan 'yan fim, kuma ya sauke farali a Makka. Daga ɗakin ɗaukar murya sai gida, abin shaƙatawarsa kuwa wasan badminton da tashin fanfilon takarda a sama.

Waƙarsa ta ƙarshe ya yi wa Laxmikant da Pyarelal ita ne domin fim ɗin Aas Paas. Allah ya yi masa rasuwa sakamakon ciwon zuciya ran 31 ga watan Yuli 1980, cikin watan azumi, yana da shekara 55. An yi jana'izarsa ana tsuga ruwan sama, duk da haka mutum fiye da 10,000 suka raka shi maƙabartar Musulmi ta Juhu. Cikin 2010 hukumar maƙabartar ta rushe ginin kabarinsa da na waɗansu mashahurai domin samar da wurin binne sababbin mamata. Masu zuwa ziyara ranar haihuwarsa da ranar rasuwarsa sukan gane wurin ne da wata bishiyar kwakwa da ke kusa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.