Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Zama Malamin Malamai

A ƙauyenmu, kusa da Ɗambatta, akwai wata rijiya wadda in an ɗebo ruwanta za ka gan shi garau, amma in ya kwana a randa sai a tarar ya yi ja. Sai da muka soma kemistiri na gane ashe ƙarfe ne narke cikin ruwan, iska kuwa ita ke mai da shi tsatsa. Yanzu masana kan tsoma wayoyin lantarki cikin irin wannan ruwa su faɗi yawan ƙarfen da ke ciki. To, mutumin da ya aza harsashin wannan ilmi shi ne nake so in ba ku tarihinsa.

An haifi Michael Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a wata unguwa ta gefen birnin Landan. Ubansa James maƙeri ne, amma rashin lafiya ya sha hana shi aiki, saboda haka gidan ya ga talauci. Karatun yaron bai wuce koyon baƙi da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin wani mai suna George Riebau, ya shekara bakwai a can. Duk littafin da aka kawo ɗinki sai ya leƙa cikinsa. A nan ya gamu da littafin kemistiri na wata mata, Jane Marcet, ya riƙa gwada abin da ya karanta da 'yan kwabban da ya tara.

A 1812 wani mai zuwa kantin ya ba shi takardar shiga laccar Humphry Davy, babban masanin kemistiri na Ingila. Faraday ya rubuce abin da ya ji tsaf, ya ɗinke ya zama littafi, ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi yaron ɗakin gwaji, mai wanke kwalabe da shirya kaya. Da Davy ya tafi da shi Faransa da Italiya, matar Davy ta mai da shi bara, sai tare da barori yake cin abinci. Ya daure, don ya san abin da ya kai shi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Bai manta da sana'ar gidansu ba, gama wajen 1820 ya yi ta gwajin garwaya baƙin ƙarfe da wasu ƙarafa don ya ƙara nagarta. A 1821 ya sa lantarki ya juya waya kewaye da maganaɗisu, wato mafarin injin lantarki ke nan. A 1831 ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da lantarki. Janareta da fitilar keke duk bisa wannan suke aiki.

Abin da ya shafi rijiyarmu ya zo a 1833 da 1834. Ƙarfen da ya narke cikin ruwa yakan kasance ƙwayoyi ne ƙanana masu ɗauke da lantarki. Faraday ne ya raɗa musu suna ayon, bisa shawarar William Whewell. Ya gano cewa nauyin ƙarfen da ke taruwa a jikin waya daidai yake tafiya da yawan lantarkin da ya ratsa ruwan. In an ninka wannan, wancan ma ya ninku. Ta haka lantarki ya zama mudun awon abin da ido ba ya gani.

Bayan rasuwarsa masana suka ɗora. Sun gano akwai sinadaran da ke cafke ƙwayar ƙarfe cikin ruwa kamar yadda awartaki ke riƙe jan ƙarfe a maƙera. Mu ma mun san aikinsu. Dukawa kan haɗa bagaruwa da ruwan ƙarfe su sami baƙin rinin fata, iyayenmu mata kuma kan fid da tsatsa da tsamiya ko lemon tsami. Ƙarfen da aka cafke haka, ƙarfin lantarkin da ake bukata kafin a sauya shi yakan bambanta, daga nan ake gane wane sinadari ya fi riƙo. Wannan ya shafi gonakinmu, domin saiwar gero da dawa kan fitar da irin waɗannan sinadarai don jawo ƙarfe daga ƙasa. In ta kasa, sai sabon ganye ya yi rawaya.

Duk da sunan da ya yi, Faraday bai ɗauki girman kai ba. Sau biyu ana ba shi shugabancin babbar ƙungiyar masana ta Ingila yana ƙi. Ya fi son tara yara a ƙarshen shekara yana nuna musu gwaje-gwaje. A 1855 ya rubuta wa jarida yana kuka da ƙazantar kogin da ya ratsa Landan. Da tsufa ya zo mantuwa ta dame shi, ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu 'ya'yan manoma ne da maƙera da dukawa, wasu har kunyar faɗin sana'ar gidansu suke yi a makaranta. Kada mu yi haka, gama a can ilmin da muke karantawa yake aiki. Ku kuma iyayenmu, in shekara ta yi tsanani aka soma shawarar cire yaro daga makaranta, don Allah a tuna da ɗan maƙerin Landan, a ƙara haƙuri.