Takaitaccen Tarihin Thurgood Marshall, Lauyan Baƙar Fatar Amurka

An haifi Thurgood Marshall ran 2 ga watan Yuli, 1908, a birnin Baltimore na jihar Maryland ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa ya yi aikin hidima a jirgin ƙasa, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. A zamanin da ya tashi an yi shekaru fiye da arba'in da hana bauta, amma a jihohin Kudu baƙar fata bai fita daga ƙangi ba. Makarantarsa daban, wurin zamansa a jirgi daban, har maƙabartarsa ma daban. Wannan kuwa da goyon bayan shari'a ake yin sa, domin a 1896 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Plessy cewa raba jinsi ba laifi ba ne muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗaya. Daidaicin nan a takarda kawai ya tsaya.

Marshall ya yi karatu a Jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania, inda ya yi zamani da Nnamdi Azikiwe, ya gama a 1930. Jami'ar jiharsa ba ta ɗaukar baƙar fata a sashen koyon aikin lauya, saboda haka sai ya nufi Jami'ar Howard a Washington, ya fita da matsayi na ɗaya a 1933. A can ne ya gamu da malaminsa Charles Houston, wanda ya cusa masa ra'ayin cewa tsarin mulkin Amurka, musamman gyara na 14 na 1868 da ya yi alkawarin kare kowa daidai a gaban doka, makami ne da aka ajiye ba a ɗauka ba. Ba da jimawa ba su biyun suka kai jami'ar nan ta Maryland ƙara, kotu ta tilasta mata ta ɗauki wani ɗalibi baƙar fata mai suna Donald Murray.

Daga nan ya zama lauyan ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, kuma a 1940 ya zama shugaban asusunta na shari'a. Dabararsa ita ce sassaƙa a hankali, ba sara ɗaya ba. A 1944 ya sa aka soke zaɓen fidda gwani na farar fata zalla a jihar Texas. A 1948 aka hana kotuna zartar da yarjejeniyar da ke hana sayar wa baƙi gida. A 1950 kuma ya buɗe ƙofar sashen lauya na Jami'ar Texas. Aikin kuwa akwai kasada. A 1946, a garin Columbia na jihar Tennessee, 'yan sanda suka tare motarsa da dare, suka nufi bakin kogi da shi, kuma da abokan aikinsa ba su bi bayansu ba, da wuya ya kwana da rai.

Babbar nasararsa ta zo ran 17 ga Mayu, 1954, lokacin da alƙalan Kotun Ƙoli su tara, baki ɗaya, suka yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Cikin ƙararraki 32 da ya tsaya wa a gaban wannan kotu, ya ci 29.

Sai dai a nan ne mai nazarin rayuwarsa ya kamata ya dakata. Hukuncin kotu ba shi da ƙafa. Gwamnonin Kudu suka yi kunnen uwar shegu, wata gunduma a jihar Virginia ma ta gwammace rufe makarantunta shekara biyar a kan ta haɗa yara. Shekara goma bayan hukuncin, yaran baƙar fata da ke aji ɗaya da farare a Kudu ba su kai biyu cikin ɗari ba. Abin bai motsa sosai ba sai da zanga-zangar su Martin Luther King ta matsa wa majalisa ta yi Dokar Haƙƙin Ɗan Ƙasa ta 1964. Dokar ta haramta wariya a otal da gidajen abinci da wajen ɗaukar ma'aikata, ta kuma ba gwamnatin tarayya ikon janye kuɗinta daga duk makarantar da ta ci gaba da wariya. Dokar zaɓe ta biyo baya a 1965, ta gidaje kuma a 1968. Marshall bai cika son bin titi ba, ya fi amincewa da zauren kotu, amma gaskiya ita ce kowane ɓangare ya ci moriyar ɗaya.

A 1960 ya je Landan ya taimaka wa shugabannin Kenya wajen tsara babin haƙƙin ɗan Adam a taron tsarin mulkinsu. Shugaba Kennedy ya naɗa shi alƙalin kotun ɗaukaka ƙara a 1961, sa'an nan a 1967 Shugaba Johnson ya kai shi Kotun Ƙoli, baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera. Ya yi shekara 24 a kanta. Da kotun ta karkata ga masu ra'ayin riƙau, sau da yawa sai ya tsinci kansa cikin marasa rinjaye, kamar a shari'ar makarantun Detroit ta 1974, yana rubuta rashin amincewarsa. Ya yi murabus a 1991 saboda tsufa da rashin lafiya, ya rasu ran 24 ga Janairu, 1993, yana da shekara 84.