Carl Scheele: Mai haɗa maganin da ya gano abin da ke sa nono tsami

Duk wanda ya taɓa shan fura da nono a kasuwar Dambatta ko ta Bichi ya san tsamin da ke ratsa harshe idan nonon ya kwana. Sinadarin da ke kawo wannan tsami shi ne likitoci ke aunawa a jinin mara lafiyar da ya galabaita, domin su san ko iskar oksijin na isa sassan jikinsa. Wanda ya fara gano shi kuwa ba likita ba ne, mai haɗa magunguna ne da bai yi karatun jami'a ba.

An haifi Carl Wilhelm Scheele ranar 9 ga Disamban 1742 a Stralsund, garin da ke ƙarƙashin Suwidin a lokacin, yanzu kuma yake cikin Jamus. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi Gothenburg koyon haɗa magani, inda ya shafe shekara takwas yana aiki da rana, da dare kuma ya duƙufa gwaje-gwaje.

A wajajen 1772, yana birnin Uppsala, ya ware wata iska da ke sa wuta ta ƙara ruruwa, wadda a yau ake kira oksijin. Sai dai littafinsa ya daɗe a hannun masu ɗab'i, bai fito ba sai 1777, bayan Joseph Priestley na Ingila ya riga ya wallafa nasa binciken. Har gobe sunan Priestley aka fi ambata, abin da a ganina bai yi wa Scheele adalci ba.

A 1775 ya koma ƙaramin garin Köping ya riƙe kantin maganin wata mata da mijinta ya rasu. A nan ne a 1780 ya tace madarar da ta yi tsami ya fitar da sinadarin laktik asid.

Bai rayu ya ga inda oksijin da wannan sinadari suka haɗu ba. A 1843 ne wani Bajamushe, Johann Joseph Scherer, ya sami sinadarin a jinin matan da zazzaɓin bayan haihuwa ya kashe. Daga baya aka fahimci cewa idan oksijin bai wadaci sassan jiki ba, sukan ƙona sukari rabi da rabi, sai laktet ya taru fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa. A jinin mai lafiya yawanci bai kai milimol 2 a kowace lita ba. Idan ya haura 4 ga wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, to rai na cikin haɗari, ko da hawan jininsa bai faɗi ba tukuna.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, musamman da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya laktet da ya kai 5 cikin alamomin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ba kowane asibitin ƙauye ke da na'urar awon ba, amma akwai alamar da ido ke gani: yaro mai zazzaɓi da ke jan numfashi mai zurfi da sauri, jikinsa ne ke ƙoƙarin rage tsamin jinin. Irin wannan yaro ba a jira da shi gari ya waye.

Scheele na da ɗabi'ar ɗanɗana da shinshina abubuwan da yake gwadawa, har da masu guba, kuma masana da dama na ganin hakan ya ci lafiyarsa. Yana kwance a gadon jinya ya auri matar mai kantin domin ta gaje shi. Kwana biyu bayan ɗaurin auren, ranar 21 ga Mayun 1786, ya rasu yana da shekara 43.