Bishop Samuel Ajayi Crowther: Kira da Tsadar Almajiranci

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin rubutun boko a harsunan Nijeriya zai ci karo da sunan Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Angalika. Galibi akan tuna da shi ta fuskar fassara da ƙamus, a manta da abin da wannan aiki ya ci masa. A koyarwar Linjila, musamman sura ta 14 ta littafin Luka, ana bukatar mai son zama almajiri ya fara lissafta tsadar abin, kamar yadda mai gini kan lissafta guzurinsa kafin ya aza harsashi. Rayuwar Crowther ta nuna irin wannan tsada a aikace.

Daga Bauta zuwa Makaranta

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Oshogun na ƙasar Yarabawa. A 1821, lokacin da daular Oyo take wargajewa, mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Aka raba su, aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Ikko. A 1822 jiragen yaƙin Ingila masu farautar dillalan bayi suka tare jirgin da yake ciki, suka sauke shi a Firitawun ta ƙasar Saliyo. A can ya koyi karatu a hannun 'yan mishan na C.M.S., aka yi masa baftisma a 1825, sa'an nan a 1827 ya shiga sahun farko na ɗaliban kwalejin Fourah Bay.

Amsa Kira

Da ya so, da ya yi zamansa a Saliyo yana malanta cikin rufin asiri. Amma a 1841 sai ya amsa kiran shiga ayarin da Ingila ta tura Kogin Kwara, wato ya doshi ƙasar da aka fitar da shi cikin mari. Zazzaɓi ya kashe Turawan ayarin fiye da 40, tafiyar kuwa ta watse. Duk da haka ta haifar da abu biyu. Abokin tafiyarsa, J. F. Schön, ya duƙufa a kan Hausa, har ya buga jerin kalmominta a 1843, da nahawunta a 1862, da ƙamus a 1876. Su kuma shugabannin C.M.S. suka fahimci cewa aikin ba zai yiwu ba sai da 'yan ƙasa. Saboda haka aka naɗa Crowther limamin coci a 1843. A 1846 ya isa Abekuta, inda Allah ya sada shi da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25.

Aikin Kwara

Ya sake bin kogin a 1854 tare da Likita Baikie, sa'an nan a 1857 ya kafa mishan ɗin Kwara, wanda ma'aikatansa kusan duk 'yantattun bayi ne daga Saliyo. A wannan tafiya jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya fashe, suka shafe watanni a gaɓar kogi. Crowther bai zauna hannu rabbana ba. Ya yi amfani da lokacin wajen nazarin Nufanci, wanda ya buga nahawunsa a 1864. Har ila yau shi ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci.

Ran 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi bishop a Kantabari, bisa ƙoƙarin Henry Venn, sakataren C.M.S. Sai dai an ba shi muƙamin ne da hannu ɗaya, domin Turawan mishan na ƙasar Yarabawa sun ƙi zama a ƙarƙashinsa. Ga shi kuma ba shi da jirgi nasa, sai ya jira na 'yan kasuwa. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansa, har wani jami'in Ingila ya rasa ransa wajen ƙwato su.

Zamansa da Musulmi ya cancanci a lura da shi. Ya ƙulla mutunci da Etsu Masaba na Bida, kuma ya guji zagi da gardamar cin fuska. Irin wannan amana ce ta sa Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa, yana neman ya isar da kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe.

Gicciyen Tsufa

Jarrabawa mafi zafi ba daga sarakuna ko masu bautar gargajiya ta zo masa ba. Daga cikin gida ta fito. Bayan mutuwar Venn a 1873, ra'ayi ya juya a Ingila, aka fara ganin baƙar fata bai isa shugabanci ba. Wasu samarin Turawa, cikinsu har da G. W. Brooke da J. A. Robinson waɗanda suka sauka Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, suka zargi ma'aikatansa da lalacewa. Gaskiya ne akwai masu laifi a cikinsu, kuma sanyin halin bishop ya sa bai cika tsawatarwa ba. Amma an yi wa mai laifi da marar laifi kuɗin goro. A taron Anaca na 1890 aka dakatar da limaman da shi ya naɗa, har da ɗansa, a gaban idonsa, alhali yana da shekara kusan tamanin.

Ana iya cewa ya kamata ya ɓalle ya kafa cocinsa, kamar yadda waɗansu suka yi a Ikko a waɗannan shekaru. Shi dai bai yi ba. Ya sauka daga kwamitin, ya goyi bayan cocin yankin bakin teku ya tsaya da ƙafarsa, amma bai fita daga Angalika ba, domin a ganinsa wanda ya kira shi ya fi waɗanda suka wulaƙanta shi. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma sai da aka yi kusan shekara sittin kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe irin wannan kujera da cikakken iko.

Kammalawa

Robinson ya rasu a 1891, Brooke kuma a 1892, ba su kai ƙasar Hausa ba. Ƙanin Robinson ne, C. H. Robinson, ya ɗora daga baya har ya wallafa ƙamus na Hausa. Littattafan Crowther kuwa sun zama tubalin rubutun Yarabanci da Nufanci. A 2014, shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafarar abin da cocinsa ya yi wa wannan dattijo.