Theodor Schwann (1810-1882)

An haifi Theodor Schwann a garin Neuss na ƙasar Jamus a shekarar 1810. Ɗan Katolika ne mai riƙon addini tun yana yaro har mutuwarsa. Ya gama karatun likita a Berlin a 1834.

A zamaninsa ganin ƙwayoyin halittar tsiro ba wuya, domin kowace ƙwaya tana da bango mai kauri, ana ganinsu jere a madubin ƙara girma kamar ɗakunan saƙar zuma. Ƙwayar dabba kuwa ba ta da bango, sai 'yar fata siririya, shi ya sa masana suka daɗe ba su gane ta ba. Ɗalibin da ya taɓa duba ɓawon albasa da ƙwayar cikin kumatu ya san wannan wahala.

Wata rana suna cin abinci da abokinsa Matthias Schleiden, masanin tsirrai, sai Schleiden ya yi masa bayanin cibiyar da ke cikin ƙwayar tsiro. Nan take Schwann ya tuna ya ga irinta a jikin talibambam. Ya duƙufa bincike, a 1839 ya buga littafin da ya nuna cewa dabba da tsiro duka ƙwayoyi ne suka gina su.

Ya yi kuskure ɗaya babba: ya ɗauka sababbin ƙwayoyi daga ruwan jiki suke daskarewa. Remak da Virchow ne suka nuna cewa ƙwaya daga ƙwaya take fitowa.

Sauran rayuwarsa koyarwa ya yi a Beljiyam. Ya rasu a Cologne a 1882.