Hakim Ajmal Khan: Mai maganin gargajiyar Indiya da ya yarda a kai saiwa ɗakin gwaji

A wata tsohuwar unguwa ta birnin Delhi mai suna Ballimaran akwai wani gida da ake kira Sharif Manzil. Shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce, tun da sassafe marasa lafiya ke yin layi a ƙofarsa, Musulmi da Hindu, mai kuɗi da talaka, kuma ba a karɓar ko sisi kuɗin ganin likita. Amma idan wani sarki ya aiko a zo a duba shi a garinsu, sai ya biya rufi 1,000 a kowace rana.

Likitan shi ne Hakim Ajmal Khan, wanda aka haifa a ranar 11 ga Fabrairun 1868.

Magani gadonsu ne. Ɗaya daga cikin kakanninsa, Hakim Sharif Khan, shi ne likitan Sarki Shah Alam na daular Mughal, kuma sunansa gidan ya ci. Ajmal ya haddace Alƙur'ani, ya karanci Larabci da Farisanci, sannan ya koyi ɗibbu a hannun mahaifinsa da yayyensa. Irin ɗibbun da suka gada shi ake kira Unani, wato ilimin likitancin Yunanawa da ya bi ta hannun malaman Musulunci irin su Ibn Sina kafin ya isa Indiya. Daga 1892 zuwa 1902 shi ne babban likitan sarkin Rampur.

Barazana daga Turawan mulki

A zamaninsa gwamnatin Birtaniya ba ta ɗauki masu maganin gargajiya da muhimmanci ba. A 1912 aka yi doka a lardin Bombay wadda ta ce waɗanda suka yi karatun likitancin Turawa kaɗai za a yi wa rajista. Ba a hana hakimai aiki ba, amma hukuma ta daina lissafa su cikin likitoci, kuma kowa ya ga inda aka dosa.

Ajmal Khan ya riga ya hango haka. Ya tara hakimai Musulmi da masu Ayurveda, wato maganin gargajiyar Hindu, a ƙungiya ɗaya, duk da cewa ɓangarorin biyu sun saba kallon juna a matsayin kishiyoyi. Sai dai bai tsaya ga zargin Turawa ba. Ya fuskanci 'yan uwansa da cewa su ma da laifinsu: suna ɓoye sirrin magani a cikin gida, sun bar aikin tiyata, kuma sun ɗauka duk abin da ke cikin tsofaffin littattafai ya gama magana. A 1911 ya tafi Turai ya zagaya asibitoci da makarantun likitanci don ya ga yadda suke aiki.

Ciwon yawan fitsari

Matsalar ƙoda da yawan fitsari ta isa misali a kan inda ilimin da ya gada ya kai da kuma inda ya tsaya.

Littattafan Ayurveda sun kasa cututtukan fitsari, da suke kira prameha, gida 20. A ciki akwai madhumeha, fitsari mai zaƙi da tururuwa ke taruwa a kansa, wato ciwon suga. Akwai kuma udakameha, fitsari mai yawa, fari kamar ruwa. Su ma hakiman Unani sun bambanta mai zaƙi da marar zaƙi, kuma sun ɗora laifin a kan ƙoda, cewa ta yi zafi ko ta yi rauni har ta kasa riƙe ruwa.

Marar zaƙin shi likitoci ke kira diabetes insipidus. Mai fama da shi yana kwana yana wuni cikin ƙishirwa, yana iya fitar da fitsari fiye da lita goma a rana, alhali sugan jininsa lafiya lau.

Don matsalolin ƙoda da mafitsara, masu maganin Indiya sun daɗe suna amfani da punarnava da gokshura. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, tsidau ne, mai ƙayar nan da ke sukar ƙafa. Ana ba da su ne don fitsari ya sauka. Ga masu suga kuwa, akan ba da garin ƙwallon 'ya'yan itacen jamun.

A 1913, shekara biyu bayan tafiyar Ajmal Khan Turai, likitoci a Italiya da Jamus suka gano cewa ruwan da aka tato daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana rage fitsarin masu wannan ciwo. Ashe sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa daga can yake fitowa. Idan ya yi ƙaranci, ƙodar ba ta da laifi. Amma hakiman ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, domin akwai nau'in ciwon da sinadarin yana nan, ƙodar ce ba ta jin umarninsa. Har yau babu wani ganye da aka tabbatar yana maye gurbin wannan sinadari, kuma mai wannan ciwo da ya tsaya shan jiƙo kaɗai yana iya bushewa har ransa ya shiga haɗari.

Irin wannan giɓi ne Ajmal Khan ya so cikewa. Ya faɗaɗa makarantar ɗibbun da yayansa Hakim Abdul Majid Khan ya kafa, ta zama kwalejin Ayurveda da Unani a unguwar Karol Bagh, inda ɗalibai ke haɗa tsohon ilimi da sanin sassan jiki da tiyata. Wakilin Sarkin Ingila a Indiya, Lord Hardinge, ya aza harsashinta a 1916. Da aka zo buɗe ta a 1921, Mahatma Gandhi ne ya buɗe.

Daga fada zuwa gwagwarmaya

Abin da ya faru cikin waɗannan shekaru biyar shi ya sauya shi. Da farko mutumin hukuma ne, har Turawa suka ba shi laƙabin Haziq-ul-Mulk da lambar yabo. Kisan da sojojin Birtaniya suka yi wa ɗaruruwan mutane a Amritsar a 1919, da yadda aka wargaza daular Usmaniyya, suka sa ya juya musu baya. A 1920 ya mayar musu da laƙabinsu. Jama'a suka raɗa masa nasu, Masih-ul-Mulk, kuma da shi aka fi saninsa.

A wannan shekarar yana cikin waɗanda suka kafa jami'ar Jamia Millia Islamia a Aligarh, ya zama ubanta na farko. A 1921 ya shugabanci babban taron jam'iyyar Congress a Ahmedabad saboda an ɗaure wanda aka zaɓa, C.R. Das. Da kuɗi suka ƙare wa Jamia har ana maganar rufe ta, shi ya tsaya aka mayar da ita Delhi a 1925, yana ɗaukar nauyinta daga aljihunsa. Rikicin Hindu da Musulmi da ya ɓarke a shekarun ya ci masa rai ƙwarai, ga lafiyarsa tana ja baya.

Ya rasu a Rampur a ranar 29 ga Disamban 1927, yana da shekara 59, sakamakon ciwon zuciya.

Kafin rasuwarsa ya nemi wani matashi, Salimuzzaman Siddiqui, da ya karanci ilimin sinadarai a Jamus, ya zo kwalejin ya binciki tsirran da hakimai ke amfani da su. Siddiqui ya duƙufa a kan saiwar sarpagandha, wadda aka daɗe ana bai wa masu taɓin hankali da rashin barci. A 1931 ya ware wani sinadari daga cikinta, ya sa masa suna ajmaline don tunawa da maigidansa. Sinadarin bai zama maganin hauka ba, ya zama maganin daidaita bugun zuciya, kuma har yanzu wasu asibitocin Turai na amfani da shi wajen gano wani ciwon zuciya na gado da ake kira Brugada.

Gwamnatin Indiya ta ware ranar haihuwarsa, 11 ga Fabrairu, a matsayin ranar maganin Unani.