Ernest Starling da aikin zuciya

An haifi Ernest Starling a birnin Landan, ƙasar Ingila, a shekarar 1866. Ya yi karatun likita, daga baya ya zama malami mai binciken jikin mutum.

Akwai abin da ya so ya sani. In manomi yana noma, jini mai yawa yana komowa cikin zuciyarsa. In yana hutawa, jinin yana raguwa. Ƙaƙa zuciya take daidaita wanda za ta fitar? In ta kasa, jini ya taru a huhu, numfashi ya yi wuya.

A shekarar 1914, shi da abokan aikinsa suka yi gwaji da zuciyar kare. Suka ga in zuciya ta cika ƙwarai, namanta yana miƙewa, sai ta matse da ƙarfi, ta tura jini mai yawa. Kamar danƙon da yaran Sarkin Yamma suke harbin tsuntsu ne: iyakar ja, iyakar nisan dutse.

Starling ya rasu a shekarar 1927, cikin jirgin ruwa, kusa da Jamaika. Har yau likitoci suna aiki da wannan sani.